Ga injiniyan da ke son wakiltar ƙasa a shawarwarin ciniki

Ƙannena masu karatun kwamfuta, da yawanku kan tambaye ni yadda mutum zai bar rubuta manhaja ya koma zama a teburin cinikin ƙasa da ƙasa. Ƙofar a buɗe take, kuma ana bukatarku, domin yau ana jayayya a kan inda za a ajiye bayanai, biyan kuɗi ta waya, da kuɗin fito na kayan fasaha, abubuwan da kuka fi lauyoyi sanin cikinsu. Sai dai akwai wani hali da aikinmu ke dasa wa mutum, ni kuwa ya jawo mini asara.

A wurin injiniya, manhaja ko ta yi aiki ko ba ta yi ba, kuma mai hujja shi ke da nasara. Da wannan tunani na shiga ɗakin tattaunawa. Wakilin wata ƙasa ya nemi a tilasta wa kamfanoni ajiye bayanan jama'a a cikin iyakar ƙasarsu, ni kuma na nemi izinin magana na warware masa yadda intanet ke aiki a gaban kowa. Bayanina daidai ne. Abin da ban lura ba shi ne mutumin ba ra'ayinsa yake faɗa ba, umarni aka aiko masa daga babban birninsu, ba shi da ikon taɓa ko harafi ɗaya. Na kunyata shi a banza. Da muka zo neman goyon bayansa kan wani batu na amfanin gona, ko kallonmu bai yi ba. Baki shi ke yanka wuya.

Ku sani, a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da aka kafa a 1995, al'ada ita ce ba a yanke shawara sai kowa ya yarda. Ƙasa ɗaya ta ce a'a, magana ta tsaya. Don haka idan wani ya zo da matsayin da kuke ganin bai dace da fasaha ba, ku same shi a waje, ku tambaye shi abin da gwamnatinsu ke tsoro. A 1998 mambobi suka amince ba za su ɗora kuɗin fito kan abin da ake aikawa ta intanet ba, aka yi ta sabunta alkawarin, Indiya da Afirka ta Kudu suna ƙorafi. Ba rashin sanin kwamfuta ke damunsu ba. Littafi da faifai da a da ake biya wa kuɗi a bakin iyaka yanzu ta waya suke shigowa, baitulmali ba ya ganin komai. Wanda ya gane wannan zai iya neman mafita tare da su.

Abu na biyu da na raina shi ne aikin kwastan, ina ganin cike takardu ne kawai. Ashe a nan kuɗin suke. Kowane kaya yana da lamba mai adadi 6 a tsarin da ƙasashe suka yi tarayya a kai, kuma lambar ce ke faɗin abin da za a biya. A 1996 a Singafo aka ƙulla yarjejeniyar cire haraji kan kayan fasahar sadarwa. Daga baya aka ƙera na'urar da ta haɗa firinta da fotokwafi, sai Tarayyar Turai ta ɗora wa wasu irinta haraji. Amurka da Japan da Taiwan suka kai ƙara, a 2010 hukunci ya karkata wajensu. Wannan shari'a ce da ke bukatar wanda ya san cikin na'ura kuma ya iya karanta jadawalin haraji. Na yi shekaru ina da na farkon kawai, ina barin wasu su fassara mini na biyun. Ku fara karanta jadawalin da matanin yarjejeniyoyi tun kuna makaranta, ko da shafi biyu a rana.

Haƙurin ma wani iri ne daban. Zagayen Doha, wato tattaunawar ciniki da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta buɗe a birnin Doha a 2001, har yau bai kammalu ba. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka an sa mata hannu a Kigali a 2018, sashenta na cinikin intanet kuwa sai 2024 shugabanni suka amince da shi, kuma aiwatar da shi wani dogon aiki ne da zai ci matasa irinku.

Kada kuma ku yar da sana'arku ta asali don kun sa kwat. Na daina taɓa manhaja na wani lokaci, sai na tsinci kaina ina magana kan fasahar da ta riga ta tsufa, ƙananan ma'aikata suna gyara mini a ɓoye. Ku riƙe wani ɗan aiki na hannu, ku riƙa zama da masu sayar da kaya ta intanet da dillalan fito, ku ji daga bakinsu inda kayansu ke maƙalewa kafin ku tafi yin magana da yawunsu.