Man rage gashin fuska da abin da ya yi wa haɓata

Gashin haɓa ya daɗe yana damuna, har hantsaki ya zama ba ya barin jakata. Da na je wajen likitar fata, sai da aka gwada jinina tukuna, aka gano PCOS ce, lalurar da ke sa sinadarin maza ya yi yawa a jikin mace. Daga nan ta rubuta min man eflornithine, wanda aka fi sani da sunan Vaniqa. Da ma can ana amfani da sinadarin wajen maganin ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. A shekarar 2000 Amurka ta amince a riƙa shafa shi a fuska.

"Hajiya, ba ya cire gashi fa," in ji ta. "Saurin fitowarsa kawai yake ragewa. Tsiga ba za ki daina ba."

Sau biyu ake shafawa a rana, da tazarar aƙalla awa 8, kuma ba a wanke wurin sai bayan awa 4. Alwala fa? Sai na mayar da shi bayan sallar asuba da bayan isha'i.

Raɗaɗi ne ya fara zuwa. In na tsige gashi na shafa, haɓar sai ta ɗau zafi kamar an goga barkono, musamman inda fata ta ɗan fashe. Takardar maganin ta ce a jira minti 5 bayan tsiga; ni dai nakan ba shi fiye da haka. Wannan da sauƙi. Ƙurajen ne suka fi ci min rai: ƙanana, jere a gefen muƙamuƙi, wasu da gashin da ya lanƙwashe ya koma cikin fata. Mu masu baƙar fata, ƙurji yakan warke ya bar tabo, tabon kuwa ya yi watanni. Lokacin hunturu fatar ta bushe tana ɓawo, ga ƙaiƙayi. Likitar ta sa na koma sau ɗaya a rana har wurin ya lafa, ta kuma ce in bar man ya bushe kafin in shafa hoda.

Wajen wata biyu gashin ya yi laushi, tsigar ta ragu sosai. Da na samu ciki ta ce in dakata, kafin wata biyu kuwa gashin ya dawo yadda yake a da.