Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ƙafar Mama

Makon jiya na yi alkawarin ci gaba da labarin shiga ta aiki, amma sai ku yi haƙuri. Watan rasuwar Mama ya kama, maganar Goggo kuma ta sake taso mini, ba zan iya rubuta komai ba sai na sauke wannan.

Goggo, yayar Baba, ita ce mai cewa, "Mace mai ƙafar yawo ba ta riƙe gida." An ce tun ina goye take faɗa. Da na yi wayo na ji da kunnena, a tsakar gida, Mama na ɗaura kaya. Mama ba ta taɓa mayar mata ba. Sai ta russuna ta ce, "Yaya, a sa mu a addu'a," ta ɗauki jakarta.

To mene ne yawon? Duk lokacin da Zumuntar Mata za ta fita bishara, Mama ce ta farko a bayan mota. Inda mota ta ƙare a taka da ƙafa, inda rafi ya cika a shiga kwalekwale, ita da ko iyo ba ta iya ba. Takan dawo da ƙarangiya a bakin zane da sabuwar waƙa a baki, kafin Lahadi ta koya wa mata, an sa mata kiɗa. Har yau akwai waƙoƙin da ake rerawa a majami'armu, yara na tsammanin daga littafin waƙoƙi suke. A bakin keken ɗinkinta aka haife su.

Wannan keken shi ne amsar da Goggo ta ƙi gani. Da shi aka biya mana kuɗin makaranta lokacin da aikin Baba ya tsaya. Mama ba ta zubar da ƙyalle, komai ƙanƙantarsa. Tana da buhu guda na ragowar yadi, daga ciki take haɗa riguna wa 'ya'yan gwauraye, launi bakwai a riga ɗaya, amma sai ka rantse da gangan aka tsara. Wasan Kirsimeti kuwa nata ne. Tsohon gidan sauro ya zama rigar mala'ika, kwali ya zama fukafukai, ta bi shi da takarda mai ƙyalli tana mannawa ɗaya bayan ɗaya, allura a leɓe, tana yi mini faɗa ta gefen baki, "Auta, tsaya cak, mala'ika ba ya susa." Shekarar da na fito a Jibra'ilu fiffike ɗaya ya ɓalle a gaban ikilisiya, ita ce ta fi kowa dariya.

Littafi Mai Tsarki na mahaifiyarta take karantawa, tsohon juyin nan na 1932, ko da sabon juyi ya fito ta ce bakinta ya saba. Ayyukan Manzanni sura 9 ta yi baƙi da yatsa, wurin labarin Tabita, wadda ake kira Dokas, matar Yafa da ta rasu gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus tufafin da ta ɗinka musu. Mama takan ce ba ta ga inda aka rubuta wa'azin Dokas ba, riguna kawai aka nuna.

Shi ya sa da Ubangiji ya buɗe mata hanyar ziyarar Urushalima, ta haura sittin a lokacin, abin da ta fi ɗoki shi ne Yafa. Ta dawo tana ba mu labarin garin a bakin teku, ya haɗe da Tel Abib. Amma abin da ya girgiza dangi shi ne Dutsen Sina'i, can ƙasar Masar. Tsayinsa mita 2,285, kuma da tsakar dare ake fara hawa don a riski fitowar rana a ƙwanƙoli. Jagora ya ce tsofaffi su jira a ƙasa, kusa da gidan sufaye na Santa Katarina. Mama ta ce Musa yana da shekara tamanin ya hau, wa ya ce masa ya jira? Ta hau raƙumi har inda raƙumi ke tsayawa, sauran matakala wajen 750 na dutse ta taka su da sanda, tana rera Zabura 121. Hoton yana nan, ta ƙudundune cikin bargon haya, sanyi ya sa idonta hawaye, haƙora duk a waje.

Da aka nuna wa Goggo hoton ta ce, "Ai na faɗa." Na so a tambaye ta, shekarar da ta faɗi ƙugunta ya goce, 'ya'yanta kowa ya ce aiki ya riƙe shi, wa ya kwashe ta ya kawo ɗakinsa, yana mata wanka yana juya ta har ta miƙe? Mai ƙafar yawon ce. Taron mata na shekara ma ba ta je ba saboda jinyar, kuma ba ta taɓa gorantawa ba. Ni ne mai gorin, don ni ban kai ta haƙuri ba.

Ranar jana'iza, fasto ya gama karanta surar da Mama ta zaɓa da kanta, muna fitowa, Goggo ta dafa kafaɗata ta ce, "To ɗana, yau dai ƙafa ta huta." An hore mu ba a mayar wa babba magana, na ce, "Haka ne, Goggo." Kafin a share makoki kuma keken ɗinkin ya bar ɗakin Mama, ba da sanin Baba ba, ba da sanin Yayanmu ba. Gidan da na je na same shi, da abin da aka faɗa mini a ƙofa, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.