Yadda makuwa a daji ta sa na nemi ƙaramar na'urar GPS

A hunturun shekaru uku da suka wuce na yi makuwa a dajin da ke yamma da Boɗinga, kuma ba wani ƙungurmin daji ba ne, fili ne na sabara da kalgo da geza wanda a ranar da gari ya washe mutum kan hangi abin da ke nesa da shi sosai. Mun ajiye baburanmu a gindin wata kuka da hantsi, muka bazu, ni kuma na bi wani garken zabi da ke ta yi mini gaba, har na daina jin haushin karnukan abokan tafiyata. Da na waiwaya sai na tarar hazo ya rufe ko'ina, rana ta koma wani farin faifai da ba a gane inda ta karkata, kowane gungun sabara kuma kamar ɗan'uwansa. Na ciro wayata na buɗe taswira, sai na ga ɗigon da ke nuna inda nake zaune a tsakiyar allo fari fat, domin babu sabis kuma ban taɓa sauke taswirar yankin ba. Ko da ma taswirar ta fito, ban yi wa kukar alama ba, saboda haka babu abin da zan nufa. Sai bayan la'asar na haɗu da wani makiyayi, wanda ya dube ni da tausayi ya shaida mini cewa na ba hanyar baya tun da daɗewa.

Ni ma'aikaci ne a cikin garin Sakkwato, a nan na tashi, farauta kuwa da girmana na shige ta ta hannun kawuna, wanda ya fi shekara arba'in yana yawon daji. Shi yana gane wuri da ƙasar da ya taka, da yadda itatuwa suka sunkuya, da inda iska ke bugun kuncinsa. Da na iso gindin kukar a galabaice bai yi mini faɗa ba, ruwa ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, daji ba a koyo nai ran Asabat kaɗai." Na san gaskiya ya faɗa, na kuma san aikin ofis ba zai bar ni in samu shekarun da ya samu ba, shi ya sa na ƙudurta neman abin da zai riƙa mayar da ni inda na fito.

Wani abokina ɗan safiyo na fara tuntuɓa, domin su ne ke yawo da irin waɗannan na'urori wajen auna filaye. Shi ya fahimtar da ni cewa tsarin GPS na Amurka ne, taurarin ɗan'adam ne kusan 30 da ke kewaya duniya sau biyu a kowace rana daga nisan kimanin kilomita 20,200, kuma na'urar da ke hannun mutum tana bukatar jin saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta lissafa inda take. Tun daga watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina gurɓata saƙon da farar hula ke kamawa, kuskuren ƙaramar na'ura a fili buɗaɗɗe bai cika wuce 'yan mitoci ba. Rasha na da nata tsarin mai suna GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma 'yan kasuwa na son jera waɗannan sunaye don su ƙara wa kaya daraja. Amfaninsu yana fitowa ne a cikin duhuwar kurmi ko tsakanin duwatsu masu tsawo, inda sama ke rufewa. A ƙasarmu ta Sakkwato, inda sama take a buɗe daga gabas har yamma, ban ga dalilin ƙara kuɗi mai yawa saboda su ba, kuma hazo komai kaurinsa ba ya hana na'urar aiki.

Akwai wata fahimta da na tarar a wurin mutane da dama, har da maiɗakina, cewa duk wanda ya riƙe GPS ana iya ganin inda yake daga gida. Na'urar saurare kawai take yi, ba ta aika komai, shi ya sa ba ta bukatar layi ko data ko kuɗin wata. Wanda ke son a san inda yake, ko ya aika saƙon neman agaji daga inda babu sabis, sai ya nemi wani nau'i dabam irin su inReach, masu amfani da taurarin sadarwa na kamfanin Iridium, waɗanda ake biya wa kuɗin rajista a kai a kai. Na auna aljihuna na bar wannan.

Abokin nawa ya ara mini wata tsohuwar na'ura mai baƙi da farin allo na tsawon rani guda, kuma wannan aro ya fi mini duk wani bayani da na karanta, domin shi ya nuna mini abin da zan duba idan na tashi saye. Abu na farko shi ne batir. Wayar zamani tana iya kama GPS ba tare da sabis ba, idan mutum ya sauke taswira tun daga gida, amma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, waya kan yi zafi a aljihu ta dusashe haskenta da kanta, cajinta kuma ya zube tun kafin azahar, musamman idan tana ta laluben sabis ɗin da babu shi. Ga shi ita ce abin da mutum zai kira gida da shi idan ya fito bakin titi. Na'urorin hannu kuma iri biyu ne, masu batirin ciki da ake yi wa caji kamar waya, da masu cin batir biyu irin na AA, wato ƙananan nan da ake sa wa agogon bango. Ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma yakan kwana biyu a ƙauye, nau'i na biyu ya fi kwanciyar hankali, tunda ko'ina aka je ana samun batir a teburin mai kayan koli.

Sai dai a nan ma na yi kuskuren da ya koya mini hankali. Na sayi batura masu arha irin waɗanda ake sa wa tocila, na zuba, kafin rana ta take tsaka na'urar ta fara kukan batir, alhali takardarta ta yi alkawarin fiye da awa ashirin. Irin waɗannan batura ba su da ƙarfin ɗaukar na'ura mai jan wuta ba tsayawa. Abin da ya dace shi ne alkalin na gaske, ko kuma masu caji da ake rubuta wa NiMH, sannan a shiga cikin saitin na'urar a gaya mata nau'in da aka sa, in ba haka ba ma'aunin batirin zai riƙa yin ƙarya. Yanzu ina da masu caji guda huɗu, biyu a ciki biyu a ƙulle cikin leda, kuma idan damina ta faɗi aka jingine farauta nakan cire su gaba ɗaya, saboda batirin alkalin da aka bari cikin zafi yakan yi yoyo ya cinye ƙarafan na'ura.

Allon taɓawa bai ɗauke ni lokaci ba wajen yanke hukunci. Hannun mafarauci ba ya rabuwa da gumi da ƙura, wani lokaci da jini, kuma ɗaya hannun yana riƙe da wani abu. Maɓallan da ake dannawa da babban yatsa ba tare da an duba ba su ne daidai. Allon waɗannan na'urori ƙarami ne, amma an yi shi yadda hasken rana ke ƙara fito da rubutunsa, akasin waya da sai an yi mata inuwa da tafin hannu.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne batun kamfas, wato abin da ke nuna wa mutum arewa da sauran kusurwoyi, domin a kansa na sha wuya da na'urar aron. Ita ba ta da kamfas na maganaɗisu a cikinta, tana gane inda mutum ya fuskanta ne daga tafiyarsa, wato ta kwatanta inda yake yanzu da inda yake ɗazu. Muddin ana tafiya kibiyarta daidai take, amma da zarar an tsaya, ko ana sanɗa a hankali kamar yadda mai bin fakara ke yi, sai kibiyar ta rikice ta riƙa nuna inda ta ga dama. Rannan na tsaya a inuwar wata aduwa ina jujjuyawa da na'urar a hannu, kibiya na nuna gabas tana komawa kudu, har zuciyata ta fara raya mini cewa makuwar bara ce ta dawo. Sai da na taka kamar taku ashirin a miƙe sannan ta daidaita. Laifina ne da ban san yadda take aiki ba, amma na fahimci cewa mutumin da ya gaji, ƙishirwa ta kama shi, tsayawa yake yi ya duba, ba tafiya ba, kuma a wannan lokacin ne ya fi bukatar kibiyar da ba ta rawa.

Wannan ne ya raba mini gardama tsakanin na'urori biyu na kamfanin Garmin da na sa wa ido, eTrex 22x da eTrex 32x. Jikinsu ɗaya, allonsu mai launi na inci 2.2, nauyinsu kimanin giram 142 da batir a ciki, dukansu suna kai wa awa 25 a kan batir biyu, kuma suna da shaidar IPX7, ma'ana suna jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Bambancin shi ne ta biyun tana da kamfas na ciki da ma'aunin tsawo mai aiki da nauyin iska. Ma'aunin tsawon bai dame ni ba, tunda ba mu da tsaunukan da za a hau, amma saboda kamfas ɗin na ƙara kuɗi na ɗauki 32x. Na duba manyan da ake kira GPSMAP, masu eriya a tsaye, na ga sun haura giram 200, ga su ba sa shiga aljihun gaban riga, sai na bar wa 'yan safiyo kayansu. Kamfas ɗin ma yana da sharaɗinsa: ana sake daidaita shi duk lokacin da aka canza batir, kuma ba a karanta shi kusa da babur ko bakin bindiga ko adda, domin ƙarfe na jan sa.

Taswirar da ke cikin na'urar, wadda masu talla suka fi kururutawa, ita ce ta fi ƙarancin amfani a wurina. Na sa taswirar OpenStreetMap ta kyauta a katin memori, tana nuna titin Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, da gulbin Rima, da manyan garuruwa, amma da an sauka daga kwalta an shiga daji sai allon ya koma kusan fayau. Babu burtali, babu rijiya, babu kwazazzabon da zai tare mutum. Kibiyar kuma miƙaƙƙen layi take nunawa, ba ruwanta da fadama ko sarƙaƙiyar ƙaya da ke tsakani, shi ya sa na fi dogara da sawun da na'urar ke ajiyewa tun daga fitowata, wanda ake juyawa a bi shi baya ta hanyar abin da suka kira TracBack.

Lambobin wuri ma, wato lambar arewa da ta gabas da ke nuna matsayin kowane wuri a duniya, sun taɓa wahalar da ni. Wani abokin farauta ya turo mini inda za mu haɗu daga wayarsa, lambar arewa ta fara da 13.05, ni kuma tawa na'urar tana kan tsarin digiri da minti, sai na shigar da digiri 13 da minti 5. Alhali 13.05 daidai yake da digiri 13 da minti 3, tunda minti 60 ne a digiri ɗaya, kuma kowane minti ɗaya na arewa ya kai kusan kilomita 1.85, saboda haka na je na tsaya ina jira a wurin da ya yi nesa da su da fiye da kilomita uku da rabi. Tun daga ranar muka yi ittifaƙi a kan tsari guda. Ɗan safiyon ya ƙara ja mini kunne cewa tsofaffin taswirorin Nijeriya na takarda an gina su ne a kan ma'aunin lissafin wuri da ake kira Minna, na'urar kuwa da wani ma'aunin mai suna WGS 84 take zuwa, kuma wanda ya gauraya su zai kauce da gomomin mitoci.

Abin da ya mayar da na'urar mai daraja a hannuna shi ne ranar da kawu ya yarda ya zagaya da ni. Da farko kallon abin wasan yara yake yi mata, har ya tambaye ni, "Wanga abu naka, ya san inda ruwa suke?" Na ce masa, "Kawu, bai sani ba sai ka gaya mashi." Dariya ya yi, amma washegari ya ɗauke ni tun da asuba, yana nuna mini wurare yana faɗin sunayen da mafarauta ke kiransu da su, ni kuma ina dannawa ina rubutawa: rijiyar makiyaya da ba ta ƙafewa sai ƙarshen bazara, kukar da ake haɗuwa, mashigin kwazazzabo da babur ke iya ƙetarewa, gonar da mai ita ba ya son a bi masa da karnuka, da iyakar gandun dajin gwamnati inda ba a farauta. Na'urar tana ɗaukar alama har 2,000, ni ban kai ɗari ba, amma kowace ɗaya daga bakin wanda ya taka wurin da ƙafarsa ta fito. Nakan kwafe su a kwamfuta, na kuma rubuta muhimman a ɗan littafi, saboda na'ura na iya faɗuwa.

Halin tsaro ya rage mana wuraren zuwa ƙwarai, dazuzzukan gabashin jihar wajen Isa da Sabon Birni da na arewa wajen Tangaza mun daina tunkararsu, kuma babu na'urar da ke nuna wa mutum inda ɓata-gari suke. Ko a inda muke zuwa, baƙon da aka gani yana danna wani abu mai kama da rediyon jami'an tsaro yana iya jawo wa kansa zargi, don haka duk ƙauyen da muka sauka sai mun gaida mai gari, na nuna masa na'urar na bayyana aikinta, sannan a gida na bar sunan ƙauyen da lokacin da za a sa ran dawowarmu. Idan muka isa inda za mu ajiye babura, nakan kunna ta in ba ta minti biyu ta kama taurari sosai, in matsa nesa da ƙarfe in duba kamfas, in kafa alamar wurin da sunan ranar, in share sawun fitar da ta gabata, sannan in rataya igiyarta a wuya in jefa ta aljihu. Sau da yawa ba na sake ciro ta sai kawu ya ɗaga kai ya dubi rana ya ce a juya.