Yadda dara ta ci gida a cikin Hashtbl ɗina

Kawuna ne ya ja min wannan aikin wlh. Kullum bayan la'asar suna zama ƙofar gida can wajen Ƙofar Kaura suna buga dara, ni kuma duk ranar da na zauna sai ya cinye ni tas, har ya ce wai karatun kwamfutar nan bai ƙare ni da komai ba. Shi ne na ce bari in rubuta manhajar da za ta riƙa yi min lissafin wasan mu gani. Da OCaml na rubuta, yaren nan da ya fito daga cibiyar binciken kwamfuta ta INRIA a Faransa a 1996, don shi nake koyo a lokacin.

Dara dai gurbi 30 ne, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12. Manhajar tana hango wasa gaba, kuma sau da yawa hanyoyi daban daban kan kawo ta yanayi guda, to maimakon ta sake lissafi sai na sa tana ajiye amsar kowane yanayi a Hashtbl, wato teburin ajiya na OCaml da ake nemo abu a cikinsa da makulli. Makullin kuwa jerin lambobi 30 ne, 0 gurbin da ba kowa, 1 nawa, 2 na Kawu.

Da farko abin gudu yake kamar me, amma tebur na cika sai ya fara jan ƙafa, motsi ɗaya sai in haɗa shayi in shanye ba ta gama ba. Na zargi laftof ɗina, na zargi zafin garin, na ƙara girman teburin a Hashtbl.create ya kai miliyan ɗaya, shiru kake ji. Kwana uku ina wannan shirmen kafin na kira Hashtbl.stats mai nuna yadda teburin ya cika, abin da ya kamata in fara yi kenan tun ranar farko. Nan na ga yawancin bokitan teburin, wato wuraren da yake rarraba makullai, fayau suke, wasu 'yan kaɗan kuma an cusa musu ɗaruruwan makullai.

Ashe Hashtbl.hash, wanda ke mayar da makulli lamba (hash) don a zaɓa mishi bokiti, ba ya karanta makulli duka, ƙima 10 na farko kawai yake dubawa ya tsaya. Ma'ana gurbi 10 na saman allo kaɗai yake gani, sauran 20 ko oho. Gurbi 10 kowanne da hali uku, iyakarsa 59,049 kenan, to ko bokiti biliyan ka ba shi cikin waɗannan zai ta zuba komai. Kuma kowane nema sai ya bi layin bokitin ɗaya bayan ɗaya yana gwada jeri da jeri da compare, magwajin OCaml na gama-gari, wanda shi ma ba sauri gare shi ba tunda sai ya tsaya ya duba wane irin abu aka miƙo mishi.

Akwai Hashtbl.hash_param da za ka ce mishi ya karanta 30 ɗin duka, ya taimaka sosai, amma ni sai na hango wata dabara. Kowane gurbi bit biyu ya ishe shi (bit shi ne 0 ko 1 a kwamfuta), 30 sau biyu 60, lambar int ta OCaml a kwamfuta mai bit 64 kuma bit 63 gare ta, kenan allon gaba ɗaya zai shige lamba guda har da sauran wurin rubuta wa ke da wasa. Na yi haka, na gina tebur nawa da Hashtbl.Make, gwada makulli ya koma gwada lamba biyu kawai.

Nan ne fa wayo ya yi min yawa. Na ce ai tunda makullin lamba ne me zai sa in wahalar da shi, bari hash ɗin ya zama lambar kanta. Na kunna, abin ya koma gidan jiya! Teburin bit ɗin ƙasa kawai yake yanka ya zaɓi bokiti, bokitaina 1,048,576 ne wato bit 20, bit 20 kuma gurbi nawa ne? Goma. Ramin da na fito shi na sake faɗawa da ƙafata, na daɗe ina ma kaina dariya ni kaɗai cikin dare. Gyaran layi ɗaya ne, na miƙa lambar ga Hashtbl.hash, shi kuma tun OCaml 4.00 da wata dabara mai suna MurmurHash3 yake cakuɗa ta sama da ƙasa. Bokiti mafi tsawo ya dawo 'yan ƙalilan, motsin da ke cin shayi guda ya koma kafin in ɗaga kofi.

Ranar Juma'a na ɗauki laftof na tafi wurin Kawu da ƙarfin gwiwata. Ana cikin wasa manhajar ta jera min huɗu, na kai hannu zan ci, ya riƙe min hannu ya ce "kai yaro, a gidan wa huɗu ke ci?" Ban sa mata wannan dokar ba sam. Ya cinye mu ni da ita, sau biyu.