Faifai Huɗu, Kwafi Uku: Aikinmu na Ajiyar Shafuka a Gusau

Sana'ata ita ce ajiye wa mutane shafukansu na intanet. Ofishinmu ƙarami ne a Tudun Wada, Gusau, ni da matasa biyu da suka karanci kwamfuta, sai ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da kan zo koyon aiki lokaci-lokaci. Yawancin abokan cinikinmu makarantun kuɗi ne da ke sa sakamakon jarrabawa a shafi, da ƙananan asibitoci, da 'yan kasuwa masu tallan shadda da atamfa. Su dai burinsu shafi ya buɗe a waya. Ni kuwa abin da nake kwana da shi a rai shi ne faifan da bayanan suke zaune a kai, domin kowane faifai, komai tsadarsa, ranar mutuwarsa tana tafe.

Sabarmu, wato kwamfutar da shafukan suke zaune a kai, ba a Gusau take ba. Zafin bazara a nan yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, wuta kuma kowa ya san halinta. Don haka muka kama haya a wata cibiyar ajiyar bayanai a Legas, inda akwai sanyi da janareto dare da rana, muna sarrafa ta daga nan.

A cikin sabar akwai faifai huɗu, kowanne yana ɗaukar bayanai na terabait 2, haɗe bisa tsarin RAID. Sunan ya yi fice ne daga wata takarda da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar a 1988, kuma dabarar ita ce a haɗa faifai da yawa su yi aiki tare yadda mutuwar ɗaya ba za ta tafi da komai ba. Tsarin iri-iri ne. RAID 0 sauri kawai yake bayarwa, faifai ɗaya ya faɗi shi ke nan an rasa duka, ban taɓa ɗora kayan mutane a kansa ba. RAID 1 kuwa faifai biyu ne, duk abin da aka rubuta a wannan sai a rubuta a wancan.

Inda ake yawan muhawara shi ne RAID 5, domin yana da daɗin lissafi. Da faifai huɗun nan zai ba ni terabait 6 na amfani, kuma zai jure mutuwar faifai ɗaya. Matsalar tana zuwa ne bayan an sa sabon faifai. Kafin a cika shi, dole na'ura ta karanta sauran ukun tun daga farko har ƙarshe, aikin da kan ɗauki sa'o'i masu yawa, a daidai lokacin da babu sauran kariya. Su kuma ukun nan galibi tare aka sayo su, tare suka tsufa. In na biyu ya sare a tsakiyar aikin, an yi asarar duka. Shi ya sa na zaɓi RAID 10: faifan suna bibbiyu, kowanne da abokin da yake kwafarsa. Terabait 4 kacal nake samu daga takwas ɗin da na biya, da dala kuma ake sayen kayan nan, amma gyaransa kwafa ce kai tsaye daga faifai ɗaya. Ban da haka, ba na sayen huɗun a rana ɗaya daga kwali ɗaya, kuma akwai manhajar da ke duba lafiyarsu ta aiko mini da saƙo tun faifai bai gama lalacewa ba.

Duk wannan bayanin, abin da ya fi wuyar fahimtarwa shi ne RAID ba ya mayar da abin da aka goge. Wata mai makaranta ta kira ni ana jajibirin ba da sakamako, muryarta na rawa, wani ma'aikacinta ya share makin aji guda cikin kuskure.

"Malam, ba kai ka ce komai sau biyu ake rubuta shi ba?"

"Haka ne, Hajiya, amma gogewar ma sau biyu aka yi ta, a lokaci guda. Ki kwantar da hankalinki, muna da kwafin daren jiya."

Makin ya dawo, sai abin da aka shigar da safiyar ranar ne malamai suka sake bugawa. Haka lamarin yake in ɓarayin intanet suka kulle bayanai suna neman fansa: faifan duka za su karɓi kullen da biyayya. Abin da ke ceto shi ne kwafin ko-ta-kwana da aka ɗauka a baya aka ajiye daban.

Kalmar "daban" ɗin nan ita ce wasu ke yi wa riƙon sakainar kashi. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, ta cinye gini guda cike da sabobi. Waɗanda kwafinsu yake cikin wurin da wutar ta ci sun rasa asali da kwafi tare. Manomi ya san wannan: rumbu biyu a gida ɗaya, in gobara ta zo ba ta tambayar wanne ne na ajiya. Mu kwafi uku muke riƙewa. Na farko shi ne wanda ke aiki a saba, na biyu yana tafiya kowane dare zuwa wani kamfani a wani gari, na uku muna sauke shi mako-mako a faifan da ke ofis, mu cire shi daga kwamfuta mu kulle a sef.

Nisa ma yana da nasa darasin. Da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, shafukan abokan cinikinmu suna buɗewa a duniya, mu ne ba mu iya kai musu. Wani amintaccen abokin sana'a a Kano ne ya riƙa duba mana faifan. Har gobe akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninmu a kan abin da zai taɓa da abin da ba zai taɓa ba.

Batun taɓawar nan ba na wasa da shi. A hannunmu akwai sunayen 'ya'yan mutane da hotunansu, akwai bayanan marasa lafiya. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'o'i 72 da ganowa in an yi kutsen da zai iya cutar da masu su. Tun kafin doka ma amana ce. Kowane kwafi sai an rufe shi da mabuɗin sirri yake barin saba, ɗaliban da ke koyon aiki kuma a kan bayanan gwaji suke koyo.

Farashinmu ya ɗara na wasu, kuma ana faɗa mini. Wani Alhaji ya nuna mini talla a Facebook mai rabin kuɗinmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, tambaye su abu biyu: ina kwafin yake kwana, kuma yaushe suka gwada mayar da shi?" Mu a farkon kowane wata muna ɗaukar shafi ɗaya daga kwafi, mu tayar da shi a wata saba daban, mu kira mai shi ya shiga da kansa ya duba ko kayansa sun cika. Wannan watan layi ya zo kan wani asibiti, kuma akawunsu ne zai zauna da mu ranar Asabar ya gwada da rasit ɗin da ke hannunsa.