Tattakin da na yi a bakin teku a Badagry

Mu mutanen Daura ba baƙin rairayi ba ne. A cikinsa muka tashi, a cikinsa muke shuka gero da gyaɗa. Ni kuwa na daɗe da al'adar fita tattaki duk Asabar bayan sallar Asuba, in bi hanyar Zango ko ta Mai'aduwa, in dawo kafin rana ta ɗaga. Shi ya sa da ƙanena da ke sayar da albasa a Badagry ya kira ni ya ce, "Yaya, in an yi hutun Disamba ka zo, zan kai ka inda ƙasa ta ƙare," ban ɗauki tafiyar a bakin komai ba. A raina na ce ai rairayi rairayi ne.

Na baro Daura hunturu na kaɗawa, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Na sauka Legas bayan yini da kwana a mota, na tarar da wata iska mai nauyi da ɗanshi wadda ke sa mutum gumi ko yana zaune. Tun daga nan ya kamata in gane lissafin ya canza.

Washegari muka zaga cikin garin. Aka nuna mini benen da Turawan mishan suka gina a 1845, wanda ake cewa shi ne na farko a Najeriya. Na saurara da ladabi, amma na gaya wa mai yi mana jagora cewa hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, kuma ya kamata a riƙa ambatonta. Daga nan muka sauka bakin ruwa, muka shiga kwale-kwale aka haye da mu tsibirin Gberefu. Ruwan da aka tsallaka ɗin ba tekun ba ne, wani dogon tafki ne da ke kwance tsakanin gari da tekun. Tsakanin tafkin da tekun kuwa siririn tudu ne na rairayi, da itatuwan kwakwa, da fadamu nan da can.

Daga inda kwale-kwale ke tsayawa zuwa bakin teku kusan kilomita 2 ne, kuma hanyar da aka riƙa kora bayi ce zuwa jiragen Turawa. A tsakiyarta akwai wata rijiya da mutanen wurin ke cewa ana tilasta wa bayin su sha ruwanta don su manta da gida. Na daɗe tsaye a bakinta. Ni da na tashi kusa da Kusugu, rijiyar da ake zuwa daga ko'ina a sha don a tuna asali, ga ni gaban wata da aka mayar ta mantuwa. Cikin waɗanda aka kwasa ta gaɓar nan akwai Hausawa, har ma a Bahia ta ƙasar Barazil bayi Musulmi sun yi tawaye a 1835 da Hausawa a cikinsu. Muka yi musu addu'a, ƙanena bai ce uffan ba har muka fara jin rugugin ruwa.

Ba zan iya kwatanta ganin farko ba. Sai dai in ce na yi ta "Subhanallahi" ban san adadi ba.

Niyyarmu mu miƙe yamma, wajen Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, teku na hannun hagu, mu yi iya abin da ƙafa za ta iya mu juyo. Na hau can sama inda rairayin ya bushe, don ina tsoron ruwan. Cikin rabin sa'a sharaɓata ta ɗaure. Rairayinmu na gida yana da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, ka taka ka ji ta amsa. Wannan kuwa kowane taku sai ya haɗiye ƙafa har idon sawu, ka tura gaba ya janye ka baya. Ga takalmin da na saya musamman, sau-ciki mai igiya, ya cika da yashi yana goge mini dunduniya.

Wani dattijo masunci da ke zaune gindin kwale-kwalensa yana ɗinkin koma ne ya yafuto mu. Yaren Egun da Yarabanci yake ji, ƙanena ya yi tafinta. Ya nuna mini wani layi na ciyayi da ɓawon kwakwa da robobi da ya miƙe a kan rairayin, ya ce nan ne iyakar da ruwa ya kawo da daddare. Ƙasa da layin, inda rairayin ya jiƙe ya yi duhu, nan ake tafiya, domin ruwa ya daddaɓe shi kamar daɓen ɗaki. Ya ce yanzu ruwa na janyewa, muna da sa'o'i kafin ya dawo, kuma kada mu kuskura mu shiga ya wuce gwiwa, domin akwai wuraren da yake komawa ciki da ƙarfi ya ja mutum ko gwanin iyo ne. Na ce a gaya masa, "Baba, mun gode, Allah ya saka da alheri." Ya yi murmushi ya nuna takalmina, alamar in cire.

Da na cire na sauka kan jiƙaƙƙen rairayin sai tafiya ta zama wata daban. Sanyi a tafin ƙafa, ƙasa ta tsaya daram, ƙananan ƙaguwa masu launin yashi suna sheƙawa a karkace su faɗa ramukansu. Daga baya na fahimci abin da dattijon ke nufi. Teku na cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, jan wata ne ke jawo haka, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kullum. Cikar ta fi yawa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Wannan ya burge ni ƙwarai: watan da muke duba a Daura don azumi da salla, da shi masuntan can ke tsara fitarsu.

Azahar ta riske mu nesa da kowane ƙauye. Muka yi alwala da ruwan teku, tunda hadisi ya tabbatar da tsarkinsa, sai dai kurkurar baki da shi sai an daure. Muka ba yamma baya, muka ɗan karkata hagu, muka yi ƙasaru a inuwar kwakwa. A nan na lura ruwan shanmu ya kusa ƙarewa. Gora ɗaya ta lita ɗaya da rabi na ɗauko mana mu biyu, gwargwadon abin da ke isata a gida cikin hunturu. A can gumi ba ya bushewa, jiki na ta zubar da ruwa, ga iskar gishiri na busar da maƙogwaro. Wata mata a wata bukka ta sare mana ɗanyen kwakwa biyu, ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba.

Babban kuskuren a komowa na yi shi. Na hango bakin tafkin ta bayan tudu, na ce mu yanke ta fadama mu nemi kwale-kwale maimakon mu sake bin gaɓa. Ƙanena ya ce, "Yaya, fadamar nan ba irin tamu ba ce." Na nace, shi kuma ya bi girma ya yi shiru. Fadamar da na sani a Disamba ta tsane, ana lambu a cikinta. Wannan kuwa ciyawa ce shar a sama, baƙar laka mai wari a ƙasa. Taku na biyar na nutse har cinya. Duk motsin da na yi sai in ƙara shigewa, wasu ƙananan ƙwari masu cizo suka rufe mini wuya da hannu. Ƙanena ya kwanta rub da ciki a kan tudu ya miƙo mini reshen kwakwa, ya ce in kwanta ta baya in zare ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kada in yi gaggawa. Haka na fito, amma takalmi ɗaya da na rataya a wuya ya tafi. Muka koma gaɓa muka tarar ruwa ya fara hawowa ya cinye daɓaɓɓen wurin, dole muka ƙarasa a busasshen rairayi, muka isa ana kiran Magariba. Wayata ta nuna kilomita 14, amma gajiyar ta fi ta kowace tafiya da na taɓa yi a gida.

Da na dawo Daura abokan hira suka yi ta tambaya a majalisa, wasu na cewa za su bi ni baɗi. Na ce musu to, amma ba za mu taka ko'ina ba sai mun tambayi masunta lokacin janyewar ruwa, kowa da gorarsa biyu, da malafa, kuma fadama sai da ɗan gari a gaba.

Inna kuwa tsarabar da ta roƙa tun kafin in tafi ita ce rairayin wurin. Na kawo mata a ƙaramar kwalba. Ta zuba a tafin hannu ta murza, ta tsinci ɗan ɓawon dodon-koɗi fari a ciki, ta ɗanɗana da harshe. Na ba ta labarin rijiyar da waɗanda aka kora ta wannan hanya. Ta yi shiru, ta mayar da rairayin cikin kwalbar a hankali ba ta bar ko ƙwaya ta zube ba, ta ce in ajiye mata a saman kwabarta.