Tashar jirgin Madina biyu ce, tikitina ya ƙone kafin na sani

Har yau in na tuna kuɗin tikitin nan sai raina ya sosu. Da safe na duba taswirar waya, na ga "tashar jirgin ƙasa" nan kusa da Harami, a unguwar Anbariyya. Na ce wa abokin tafiyata, "Alhaji, kwantar da hankalinka, da ƙafa ma za mu je." Muka ja akwatuna, ga harami a jiki, muka iso wani gini na baƙin dutse, masallaci mai hasumiya biyu a gefensa. Babu fasinja ko ɗaya. A farfajiya sai tsofaffin taragai da kan jirgi mai aiki da kwal.

Ashe tashar Hijaz ce ta zamanin Turkawa, yanzu gidan tarihi. Sarki Abdulhamid na biyu ne ya sa aka fara shimfiɗa layin daga Dimashƙa a 1900, da gudummawar Musulmi daga ƙasashe daban-daban, ya iso Madina a 1908, tafiyar kusan kilomita 1,300. Hanyar da ayarin raƙuma ke yi a kwana arba'in ta koma 'yan kwanaki. Niyyar ita ce a kai shi Makka, bai kai ba. Yaƙin Duniya na Farko ya zo, mayaƙan Larabawa suka yi ta fasa dogon, jirgi ya daina zuwa.

Duk wannan daga baya na tsaya na karanta shi. A lokacin agogo kawai nake kallo.

Jirgin da ke kai mutane Makka yau, wato na Haramain da aka buɗe a 2018, tasharsa na can gabas, nesa da Harami, sai da mota. Kafin mu samu tasi, mu ratsa cunkoso, a duba kaya, ya tashi. Shi kuwa ba motar tasha ba ne da za ta jira ta cika. Muka sake sayen wani tikitin, Alhaji bai ce min uffan ba har muka wuce Jidda.

In za ka hau, rubuta "Haramain" a taswira, ka kuma faɗa wa direba haka da bakinka, ka fita da wuri sosai. Ita ta Anbariyya ka ware mata yammaci guda, ranar da ba ka riƙe da tikiti.